Mai Sauraron Ƙarfe: Wane Bashi ke Kan Masani?

Wata ranar Lahadi da la'asar, a wata fada da ke unguwar Maourey cikin birnin Yamai, muna jiran shayi na biyu sai hira ta faɗo kan wani ɗan unguwa da ya dawo daga Turai da digirin dokta. Aka tambayi ƙanensa abin da ya karanto. Ya ce ilimin injuna ne, a cikin ilimin injunan ma fannin girgiza ya keɓanta da shi, yanzu kuma yana neman gurbin koyarwa da bincike a babbar makaranta. Wani dattijo, tsohon malamin firamare da ya daɗe da ajiye alli, ya dube shi ya ce: "Yaro, shekara nawa ana kashe wa yayanka kuɗin talakawa, ashe karkarwar ƙarfe ya tafi kallo? Mu da ba mu biya ko dala ba, ga injin niƙa can yana girgiza mana katanga tun asuba." Aka bushe da dariya.

Ni ma na yi dariyar, amma maganar ta bi ni har gida. Dattijon nan ya shekara talatin da ɗoriya yana koyar da yara, wani lokaci a ajin zana, ya kuma san irin wahalar da ake sha kafin a samu alli da allo. Saboda haka tambayarsa tana da nauyi, kuma ta cancanci amsa. Ga yadda zan sake tsara ta: shin ya halatta ɗan ƙasa matalauciya ya ƙarar da ƙuruciyarsa da basirarsa a kan ilimi siriri irin wannan, wanda a zahiri ba ya noma, ba ya warkar da maras lafiya? In kuwa ya halatta, da wane sharaɗi?

Me ake nufi da ilimin girgiza?

Kafin a yanke wa abu hukunci, ya kamata a san shi. Duk abin da ke da nauyi da tauri, in an buge shi aka sake, yana da saurin kaɗawa nasa na kansa. Macen da ta je sayen tukunyar ƙasa ta san haka, shi ya sa take ƙwanƙwasa ta da yatsa ta kasa kunne: lafiyayyar tukunya tana da amo, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Makaɗin kalangu ma ya sani, domin in ya matse tsirkiya a hammata fata ta ɗaure, sai sauti ya hau, in ya sassauta sai ya sauka. Abin da masana suka ƙara a kan wannan shi ne lissafi. Sun nuna cewa ƙarin tauri yana ƙara saurin kaɗawa, ƙarin nauyi yana rage shi, kuma ana iya sanin adadin tun abin yana zane a takarda.

Abu na biyu kowane yaro ya san shi a wurin lilo. Ɗan turi kaɗan, in ana yin sa daidai lokacin da lilon ya dawo, yakan kai mutum sama ƙwarai, alhali turi mai ƙarfi da bai zo kan lokaci ba tsayar da lilon yake yi. Galileo ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1638. Haka abin yake ga inji: in saurin juyawarsa ya dace da kaɗawar asali ta gindin da yake zaune a kai, ƙaramar jijjiga sai ta yi ta haɓaka har ta fi ƙarfin ƙarfe. Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar tasi ya ji tana kyarma in ta kai wani gudu, ta kuma natsu da direba ya ƙara mai, ya ga wannan da jikinsa.

Abu na uku shi ne gajiyar ƙarfe. Wayar da ba za ka iya tsinkewa da ja ba, in ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya sai ta karye a hannunka. A ranar 8 ga Mayu 1842 sandar ƙafafun wani jirgin ƙasa ta karye a kan hanyar Versailles zuwa Paris, mutane da dama suka halaka. Irin wannan karaya ce ta sa wani injiniya Bajamushe, August Wöhler, ya shafe shekaru tsakanin 1850 da 1870 yana juya sandunan ƙarfe yana ƙirga sau nawa suke lanƙwasuwa kafin su karye. Ya gano cewa nauyin da ƙarfe ke ɗauka lafiya sau ɗaya, yana iya kashe shi in an maimaita sau miliyoyi. Miliyoyin nan kuwa ba su da nisa. Injin wuta mai juyawa sau 1500 a minti yana yin juyi 2,160,000 a yini guda, cikin kwana biyar ya wuce miliyan goma. Hausawa sun ce yau da gobe ba ta bar komai ba, to ko ƙarfe ma ba ta bari ba.

Hujjar dattijo

Yanzu mu ba dattijo haƙƙinsa, domin akwai gaskiya a maganarsa fiye da yadda shi kansa ya faɗa. Mai son zama malamin jami'a a ƙasashenmu masu amfani da Faransanci tsani yake hawa, kuma hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968 mai cibiya a Wagadugu, ita ke tantance hawansa daga mataki zuwa mataki har ya kai farfesa. Babban ma'aunin shi ne yawan binciken da ya wallafa da ingancinsa. Wannan ma'auni yana da amfani, ya hana a naɗa jahili don son rai ko dangantaka. Sai dai mujallun da ake wallafawa a ciki da Ingilishi da Faransanci ake rubuta su, na'urorin awo masu tsada suna ɗakunan binciken Turai da Amurka da Asiya, kuma wanda ya mallaki na'ura shi ke zaɓen tambaya. Ɗalibinmu sai ya samu kansa yana nazarin girgizar fiffiken jirgin sama ko ta jirgin ƙasa mai gudun tsiya, abubuwan da ba a ƙera ko ɗaya a ƙasarsa.

A Yamai ma ƙasa da kogi sun zana wannan rabuwa. Jami'ar Abdu Mumuni da makarantar injiniyoyi ta EMIG, wadda ta buɗe ƙofofinta a 1990, suna can hayin kogi wajen Harobanda. Maourey kuwa, unguwar da ta samo sunanta daga Arawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Mawri, tana nan tsakiyar tsohon gari, ba nisa da kasuwar Katako inda maƙera da masu walda da masu narka sanholo suke aiki. Gadar Kenedi da ta haɗa gaɓoɓin biyu tun 1970 tsawonta mita 710 ne kacal. Amma mutum yana iya ƙetare ta safe da yamma shekara ashirin, ya kai ƙololuwar tsani, ba tare da iliminsa ya taɓa ƙetarewa tare da shi ba. In haka ta faru, dattijo ya yi gaskiya: an ci kuɗin talakawa an gina suna.

Aikin da ladansa ba ya ganuwa

Duk da haka akwai kuskure ɗaya a cikin hukuncinsa, kuma kuskure ne da yawancinmu muke yi. Muna auna amfanin aiki da abin da ido ya gani. Likita ya warkar da ɗanka, ka je ka yi masa godiya. Attajiri ya gina rijiya, ana ambaton sunansa duk sanda aka ja guga. Shi kuwa masanin girgiza, in ya yi aikinsa daidai, abin da ke biyo baya shi ne babu abin da ya faru: sanda ba ta karye ba, gada ba ta faɗi ba, wuta ba ta ɗauke ba. Wa ke zuwa godiya saboda masifar da ba ta auku ba?

A ranar 10 ga Yuni 2000 aka buɗe wata sabuwar gadar masu tafiya da ƙafa a kan kogin Thames a birnin Landan. Da jama'a suka cika ta sai ta fara lilo gefe da gefe. Kowane mai tafiya ya gyara takunsa don kada ya faɗi, gyaran nan kuwa ya dace da lilon gadar, sai ya ƙara shi. Bayan kwana biyu aka rufe ta. Injiniyoyi suka yi ta gwaje-gwaje, suka dasa na'urori masu shanye girgiza a ƙarƙashinta, aka sake buɗe ta a Fabrairu 2002. Kwana biyun da ta yi tana rawa duniya duka ta ji labari. Shekaru fiye da ashirin da ta yi a natse kuwa, miliyoyin da suka bi ta kai ba su san sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda suka natsar da ita ba.

Mu dawo gida. Ruwan da ake sha a Maourey famfuna masu juyawa ne ke ɗebo shi daga kogi, su tura shi ta tashoshin Gudel da Yantala. Shinkafar fadamar Saga da injunan ban-ruwa take rayuwa. Tashar wutar Goru Banda da aka ƙaddamar a 2017 manyan injunan dizal ne a jere. A watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, birnin nan ya ɗora nauyinsa a kan injunan gida, kowa ya ga abin da tsayuwar inji ɗaya ke jawowa: firjin allurar rigakafi ya huce, famfo ya ƙafe, tela ya naɗe hannu. Ranar da madatsar ruwan Kandaji ta fara aiki, farfelolinta ma za su buƙaci mai sauraronsu dare da rana. Inji ba ya mutuwa ba sallama. Makonni kafin ya tsaya girgizarsa takan canza, kuma wanda ya iya karanta canjin yana iya cewa ga abin da ya lalace a ciki tun ba a kwance shi ba. Ashe ilimin da muka ce ba ya noma ba ya magani, yana tsaye a bayan manomi da likita, sai dai ba ya fitowa fili. Da baki muna cewa rigakafi ya fi magani, amma in an zo rabon yabo mai magani muke ba duka.

Bakanike da masani

Wani zai ce ai makanikanmu sun iya wannan sauraro ba tare da digiri ba. Gaskiya ne sun iya. Na sha ganin tsohon bakanike ya ɗora bakin sandar ƙarfe a jikin inji, ya kara ɗaya bakin a kunnensa, ya rufe ido, sannan ya nuna inda ciwon yake. Wannan sani ne na haƙiƙa, wanda shekaru suka gina, kuma masanin da ya raina shi ya raina malaminsa. Bakanike ya san abin da ƙurar hunturu ke yi wa maiko, ya san yadda zafin Afrilu ke sassauta noti, ya san jabun kayan gyara da ganin ido, abubuwan da babu su a littafin da aka rubuta a ƙasar sanyi.

Amma akwai iyakar kunne. Bakanike yana ji cewa inji ba lafiya, sai dai da wuya ya ce saura kwana nawa. In ƙarfe yana rawa, dabararsa ita ce ya ƙara walda ya ɗaure shi tamau, alhali wani lokaci ƙarin taurin nan shi ke kai kaɗawar asali daidai saurin injin, abin ya ƙara muni. Lissafi ne ke nuna cewa in farfela tana da nauyi a gefe ɗaya aka ninka gudunta sau biyu, ƙarfin da ke fizgar ta sau huɗu yake ninkuwa. Haka kuma sanin bakanike a kunnensa yake zaune, in ya mutu ya tafi da shi, na masani kuwa ana rubuta shi, a gwada shi, a koya wa ɗari. Kowannensu yana riƙe da rabin abin da ɗayan ke buƙata, mita 710 na raba su.

Sharuɗɗan halacci

Amsata ga tambayar farko ita ce ya halatta, har ma ƙasar da ba ta da masu irin wannan ilimi za ta dawwama tana sayen injuna da tsada tana binne su da wuri. Amma halaccin yana tafe da bashi, kuma ina ganin bashin kashi biyu ne.

Na farko shi ne faɗin abin da aka ji. Wanda Allah ya ba kunnen jin abin da sauran jama'a ba sa ji, amana aka ɗora masa. A ranar 17 ga Agusta 2009, a tashar wutar Sayano-Shushenskaya da ke kan kogin Yenisei a Rasha, injin ruwa na biyu ya tumɓuke daga mazauninsa, ruwa ya mamaye ɗakin injuna, mutum 75 suka rasu. Binciken hukuma ya nuna cewa injin ya daɗe yana girgiza fiye da ƙa'ida, kuma daga cikin ƙusoshi 49 na murfinsa da aka samu aka duba, 41 suna da tsagar gajiya. Na'urorin awo suna nan, alƙaluma suna fitowa, masu ilimi suna wurin. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tsayar da injin. Tsayar da inji asara ce da ake gani yau, masifar da za a kauce wa kuwa ba wanda zai gan ta, don haka mai cewa a tsaya kullum shi ne mai ɓata wa shugabanni rai. In ya yi gaskiya aka saurare shi, ba abin da zai faru, sai a ce ya cika tsoro. Masanin da ba zai iya haɗiye wannan ba, digirinsa ado ne.

Tarihin fannin kansa yana da misali. Stephen Timoshenko, wanda littafinsa na 1928 kan matsalolin girgiza ya tarbiyyantar da injiniyoyi a duniya, an kore shi daga aikin koyarwa a Kiev a 1911 saboda ya sa hannu a takardar ƙin amincewa da matakan ministan ilimi na lokacin. Mutumin da ya saba faɗin gaskiya game da ƙarfe bai ga dalilin ɓoye ta game da mutane ba.

Kashi na biyu shi ne mayar da ilimi hannun waɗanda suka biya kuɗinsa, cikin harshen da suke ji. A nan ba mu buƙatar zuwa nesa neman abin koyi. Abdu Mumuni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya kai matsayin da duk wata jami'ar Turai za ta karɓe shi a fannin kimiyyar fiziya. Ya zaɓi ya yi bincike a kan abin da ƙasarsa ta fi kowa wadata da shi, wato rana. Ya yi aiki a Bamako daga 1964, ya dawo Yamai a 1969 ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL har 1985, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da na tace shi da na girki, aka kuma yi aikin inji mai juyawa da zafin rana. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu, a kuma haɗa makaranta da aikin hannu. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'a sunansa a 1992. Bai rage zurfin iliminsa don ya yi wa talaka aiki ba. Tambayar ce ya ɗauko daga gida, ya amsa ta da ma'aunin duniya.

Ba na cewa duk wanda ya zauna waje ya ci amana. Timoshenko kansa ya bar ƙasarsa a 1920, ya ƙare aikinsa a Amurka, littattafansa kuma suka amfani har waɗanda ya baro. Wani ya dawo ya tarar babu ɗakin bincike, babu na'ura, babu mai sauraro, ya koma da baƙin ciki. Bashi hanji ne, yana cikin kowa: in masani yana da bashin faɗa, hukuma da masu masana'antu suna da bashin ji, da na samar masa abin aiki. Abin da nake cewa shi ne wurin zama ba ya sauke nauyin. Na Yamai da na Liyon duka ana binsu, kuma kowannensu zai iya tambayar kansa a ƙarshen shekara ko akwai inji ɗaya a ƙasarsa da ya ƙara kwana saboda shi, ko ɗalibi ɗaya da ya koyi sauraro.

Rabonmu mu malamai

Mu da ke ajin firamare da sakandare, da ƙungiyoyin raya al'adu, kada mu ɗauka zancen na wasu ne. Yaron da zai zama masanin gobe a hannunmu yake fara koyon ko kimiyya abin gidansu ce ko baƙuwa. Darasin girgiza ba ya buƙatar kuɗi. A danne rula a bakin tebur a kaɗa ta, a rage tsawonta a ji sauti ya hau. A kawo gurmi aji, a ɗaure tsirkiya a sassauta. A rataya dutse da zare a ƙirga lilonsa, a ƙara tsawon zaren a sake ƙirgawa. Ƙungiyoyinmu kuma suna iya zama da makanikai da maƙeran Katako su tattara kalmomin da suke kiran sassan inji da cututtukansa da Hausa da Zabarmanci, domin ranar da masani ya ƙetaro gada ya tarar da harshen da zai yi magana da shi a shirye.

Bayan makonni na sake haɗuwa da dattijon a fadar nan, na zayyana masa abin da na rubuta a sama. Na ƙara da cewa ko injin niƙan da ke damunsa yana da magani: a daidaita nauyin abin da ke juyawa, a raba gindinsa da katanga, a ɗora shi a kan roba. Sai dai taushin robar sai an lissafa shi da nauyin injin da saurinsa, in ba haka ba a ƙara wa Borno dawaki. Ya yi shiru yana juya kofin shayi a hannunsa, can ya kira ƙanen dokta ya ce: "In ka je gida ka gai da yayanka. Ka ce masa babansa na nan yana son ganinsa ranar Lahadi, ya taho da abin awonsa. Mu fara da wannan."